PhotoScan da hotunan dattijon da ya rasu

Dattijon da ya yi shekara tamanin ko casa'in a ƙaramin gari, kowa nasa ne, ba a samun hotunansa a wuri ɗaya. Na ranar aure yana wajen babbar 'yarsa, na wurin aiki yana rataye a ɗakin amininsa, wasu suna cikin albam da leda ta kama su. Idan ya rasu iyali suka tashi haɗa tarihinsa, ba kowa zai yarda ya ba da aron hoto ba. Nan ne PhotoScan, manhajar kwafar hotunan takarda da waya da kamfanin Google ya fitar a 2016, take da rana. Kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone, kuma a gaban mai hoton za a ɗauka a bar masa abinsa.

A shimfiɗa hoton a kan tebur, a buɗe manhajar a saita wayar a kansa, a danna maɓallin ɗauka sau ɗaya. Ɗigo huɗu za su bayyana, sai a kai da'irar tsakiya kan kowannensu a jira ta cika. Manhajar tana haɗa waɗannan ɗauka ta cire ƙyallin haske, ta yanke gefe, ta miƙar da hoton. Wannan cire ƙyalli shi ne ƙarfinta, musamman ga hoton da ke cikin gilashi ko ƙarƙashin leda. Kada a yi gigin ɓanɓaro hoton da ya manne, domin fuskar ce za ta bi gilashin, kuma babu mai dawo da ita.

Inda ake samun matsala, yawanci daga hannu ne. Wayar za a zame a kwance, ba a karkata ta ba. In an karkata, ido ko gemu sai ya fito biyu-biyu. Hoto mai farin gefe a kan farin tebur yana rikita ta ta yanke kafaɗa, don haka a sa baƙin ƙyalle a ƙasa, a gyara kusurwoyin da hannu. Wanda ya nannaɗe kuwa, a danne shi da littafi mai nauyi na kwana biyu tukuna.

Babban raunin manhajar shi ne ƙarancin kaifin hoto. Hoton ya wadatar a tura wa dangi ko a buga shi ƙarami, amma wanda za a faɗaɗa a bangon littafin tunawa gara a kai shi sikana, wato na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta. Hoto mai santimita 10 da 15, in aka ɗauke shi da sikana a dpi 600 (ɗigo 600 a kowane inci), yana ba da kusan 2400 da 3600 na fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto, ya jure faɗaɗawa ninki biyu ba tare da ya dusashe ba.

Manhajar kuma tana ba hoto kwanan watan ranar da aka kwafe shi da waya, sai hoton 1965 ya zauna kusa da na jiya. A Google Photos, manhajar adana hotuna ta Google, ake gyara shekarar. A ɗauki bayan kowane hoto ma, don can ake samun rubutun hannun marigayin da tambarin mai hoto. Sunayen waɗanda ke tsaye gefensa kuwa, a zauna da matarsa ko sa'o'insa a tambaya a rubuta tun suna nan.