Zaman sulhun da alƙali ya tura mu kan riƙon yara

Ranar da alƙali ya ce ba zai yanke hukunci ba sai mun fara zuwa zaman sulhu, raina ya ɓaci ƙwarai. Mu matan ƙauye mun san sulhun zauren mai unguwa: a tara dattawa, a ce miki "ki yi haƙuri", a shafa fatiha a watse. Na ɗauka wannan ma hanyar jan ƙafa ce har mace ta gaji ta sallama 'ya'yanta.

Rigimarmu da tsohon mijina a kan ɗanmu namiji ce, ɗan shekara 7. Ƙanwarsa mai shekara 3 babu wanda ya ko ɗaga maganarta. Bayan na gama idda baban yara ya aiko a tafi da shi wai zai kwana biyu, sai ga labari cewa da an gama girbi za a haɗa shi da wani malami su yi gabas. Abin da ya kai ni kotu ke nan.

Zaman farko ɓata lokaci ne. Malamin sulhun ya karanto aya ta 35 a Suratun Nisa'i, ya ce kowa ya zo da mutum ɗaya daga danginsa, sannan aka shiga lallashina in yi kome. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ni ba maganar aure ce ta kawo ni ba." Haka muka tashi, kuɗin mota ya tafi a banza.

Zama na gaba ne ya sa nake wannan rubutu. Na je da baffana, shi kuma ya zo da yayansa, mutumin da ko a gida ba a ja da maganarsa. Ko zama bai gyara ba ya ce, "Malam, mu a gidanmu ɗa na uba ne. Da an yaye yaro uwa ta gama nata." Gabana ya faɗi, don na ga baffana ma ya sunkuyar da kai. Malam bai ɗaga murya ba. Ya jawo Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, daga cikin littattafansa ya ce, "Alhaji, wannan dai ita ce ake karantawa a zaurukanku, ba daga Abuja aka aiko da ita ba." Ya karanta, ya fassara: bayan saki uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, sannan 'yan'uwan uwar mata, ba hannun amaryar uba ba. Ci da sha da sutura da magani kuwa duk suna wuyan uba ko da yaran ba a gidansa suke kwana ba. Wallahi na girma a cikin karatu, amma ban taɓa jin namiji ya faɗi wannan a gaban maza ba tare da ya sassauta ta ba.

Ni ma bai ƙyale ni ba. Ya juyo ya ce, "Ke kuma 'yata, riƙo amana ce. Ubansa ne waliyyinsa, yana da ta cewa a karatunsa, kuma ba ki da ikon hana shi ganin ɗansa." Ya kawo aya ta 233 a Baƙara, inda aka hana cutar da uwa saboda ɗanta, aka hana cutar da uba saboda ɗansa. Na karɓa, don gaskiya ce.

Akwai wata jami'a a wurin, dattijuwa, wadda tun farko ba ta ce uffan ba. Ita ta ja hannun yaron suka fita gindin darbejiya, ta saya masa gyaɗa, suka daɗe. Ba ta tambaye shi wa yake so a cikinmu ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan. Da ta dawo sai ta ce a sallami yayan da baffana tukuna. Ta dubi baban yara ta ce, "Malam, ɗanka yana son ka. Amma tun da ya ji maganar tafiya ya koma fitsarin kwance, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa." Mutumin nan ya yi shiru har na ɗauka ba zai tanka ba. Can ya ce shi burinsa yaron ya haddace Alƙur'ani kamar yadda mahaifinsa ya yi masa. Rabon da in ji ya yi magana da bakinsa, ba da bakin yayansa ba, tun kafin sakin.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Yaro zai yi allo da asuba da dare a tsangayar garinmu, ya je firamare da hantsi, ya kwana wurina. Uban zai ɗauke su bayan sallar Juma'a ya dawo da su yammacin Lahadi. Ƙaramar sallah wurina, babbar sallah wurinsa, dogon hutun damina kuma yaron ya je ya taya shi gona. Aka rubuta gero da dawa da kaka, da ɗan kuɗin cefane duk wata. Muka sa hannu, aka mayar wa alƙali ya tabbatar.

Da a ranar na yi sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta. To amma kaka ta zo ta wuce, ko tiya ɗaya ban gani ba. Kuɗin wata ma sai ranar Alhamis ɗin da kasuwar Maigatari ta yi masa kyau yake tunawa da shi. Ɗaukar yara kuwa ba ya fashi, Juma'a na yi zai turo mai babur. Na kira lambar da aka ba ni a ofishin sulhun, kullum a kashe. Na je da ƙafata, aka ce aikinsu ya ƙare ranar da muka sa hannu, in koma kotu in yanko sammaci. Haba jama'a! Ku da kuka zauna da yaron, kuka san halin da yake ciki, ba za ku iya aika ko takarda ga dagacin garinsu ba? Tun 2021 Jigawa ke da dokar kare yara, kuma a ganina bibiyar irin wannan yarjejeniya ita ce kariyar da yaron ƙauye ya fi buƙata.

Sannan ɗakin da ake zaman tagarsa a buɗe take, masu jiran layi na zaune a ƙarƙashinta. Maganar fitsarin yarona da aka kori dangi don a ɓoye, kafin in isa gida ta riga ni, har yara na tsokanarsa a makarantar allo. Wannan ta fi rashin hatsin ci mini rai.

Duk da haka, wadda aka tura ta je, kada ta ƙi. Ta nace a rubuta ranar da za a kawo hatsi da hannun wanda za a damƙa wa, ta karɓi kwafin takardar mai hatimin kotu ta adana. Tawa tana hannuna, da ita zan koma gaban alƙali bayan sallah.