Rediyo ko WhatsApp wajen koyar da tarihin masana'antu daga nesa?

Rediyo ya fi isa ko'ina. Batir biyu sun wadatar, ba ruwan ɗalibi da data, shi ya sa aka koma gare shi da aka rufe makarantu a 2020. Ya dace da darasin haƙƙin ɗan ƙasa: malami ya karanto Babi na 4 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, ya fassara sashe-sashe cikin minti 20. Matsalarsa, wanda ya makara ya rasa, kuma ba damar tambaya.

Tarihin masana'antu kuwa sai da gani. Da baki kawai, yaro ba zai gane girman dalar gyaɗa ta Kano ba, ko yadda layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya sauya kasuwar gyaɗa, ko masaƙar Kaduna ta 1957. Nan WhatsApp ya yi zarra: hoto ɗaya, taswira ɗaya, saƙon murya na minti biyar. A guji dogon bidiyo, yana cinye data. Wayar kuma galibi ta iyaye ce, don haka a tura darasi da yamma, a kulle zauren WhatsApp na ajin ya zama malami kaɗai ke aikawa, in ba haka ba gaishe-gaishe su binne darasin.