Fanka mai ruwa ko mai caji: wacce ta dace da zafin Legas?

Baƙon da ya sauka Agege ko Mile 12 daga Arewa a watan Maris, abin da yake fara cewa shi ne, “Wannan ne zafin da ake ta faɗa?” In lamba za a bi, yana da gaskiya. Rana a Legas ba ta cika wuce digiri 33 ko 34 ba, alhali Kano da Sakkwato suna haura 40 a Afrilu. Sai an yi Isha'i ya kwanta zai gane inda gizo ke saƙa: zufa ta fito ta ƙi bushewa, matashin kai ya jiƙe, ya watsa ruwa ya dawo, kafin minti goma jiki ya sake danƙo. Washegari sai kasuwar kayan lantarki ta Alaba neman abin sanyi, kuma abin da yake fara tambaya shi ne fanka mai ruwa, wadda ake kira kula, don ita ya sani a gida.

To, a Legas kula asarar kuɗi ce. Ba laifin kamfani ba ne, ba kuma wai an sayar maka da jabu ba. Iskar garin ce ba tata ba.

Aikin kula irin na randa ne. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, busasshiyar iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Haka kula take: ƙaramin famfo yana ɗebo ruwa daga tanki ya jiƙa wani soso mai kama da saƙar zuma a bayanta, fanka ta janyo iska ta cikinsa. Sharaɗin duka shi ne iskar ta zo da ƙishi. A bazarar Kano, zafi na 40, danshin iska kamar kashi 15 cikin ɗari, kula mai kyau tana iya sauke digiri 10 a bakinta. A Legas kuwa, ga teku ta kudu, ga lagun, tafkin da ke haɗe da teku, ta ratsa gari, danshi ya saba kaiwa kashi 80 ko fiye, musamman da dare da asuba. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. In zafi na 32 ne, danshi kashi 75, ko kular ta yi aikinta cif ba za ta sauke fiye da digiri 3 ko 4 ba, ƙananan da ake turawa a kan taya kuma ɗaya ko biyu suke yi. Shi ya sa ma ruwan randa ba ya sanyi a nan kamar na gida.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Duk litar ruwan da ta ragu a tanki, cikin ɗakinka ta shiga. Ka rufe taga saboda sauro, ka kunna kula har asuba, ka ƙara wa ɗakin abin da yake hana zufarka bushewa. Bayan 'yan makonni sai fumfuna ta bayyana a bayan durowa da ƙasan katifa, takalmin fata ya yi fari-fari, shaddar da aka buga aka ninke ta yi warin ruma, hula ta yi laushi. Garin kuka da na kuɓewa su dunƙule. Kilishin da aka zo da shi tsaraba, wanda yake wata a Kano ba abin da ya same shi, a nan kwana kaɗan ya saki. Soson kansa in bai samu bushewa ba yana yin yauƙi da wari, ruwan tankin da ya kwana biyu a ajiye kuma gidan ƙyanƙyasar sauro ne.

Masu shago za su nuna maka 'yan robobin ƙanƙara biyu da ke zuwa da ita, su ce ai da su ta zama AC. Kilo ɗaya na ƙanƙara, in ya narke gaba ɗaya, zafin da ya sha bai wuce abin da AC mai ƙarfin doki ɗaya ke cirewa cikin kamar minti biyu ba. Ga shi kuma sai da wutar da za ta daskarar da su.

Lokaci ɗaya kula ke ɗan amfani a Legas: 'yan makonnin hunturu tsakanin Disamba da Janairu, in iskar Arewa ta iso da hazonta, danshi ya sauka da rana. Amma hunturun Legas ba na rigar sanyi da jin wuta ba ne. Wata shekarar ma kwana kaɗan yake yi ya ɓace.

Yana da kyau baƙo ya san yadda shekarar take tafiya kafin ya zaro kuɗi. Fabrairu da Maris su ne ƙololuwar zafi, dare ba ya sauka ƙasa da 25 ko 26 sosai. Ruwa yana fara sauka jefi-jefi tun Maris, da iska da tsawa, ya kankama a Mayu, ya kai maƙura a Yuni. Ƙarshen Yuli zuwa Agusta, lokacin da Arewa ke tsakiyar damina, a nan ruwa yake ɗan tsagaitawa: gari ya lumshe, rana ba ta wuce 28 ko 29, shi ne lokacin da ya fi daɗin barci. Sai ya dawo a Satumba da Oktoba, ya ɗauke wajen Nuwamba. Jimilla ruwan shekara yana kai milimita 1,500 zuwa sama, kusan ninki biyu na Kano. Amma ko a ranin Legas danshin bai tafi ba, ruwan sama kawai ya tsaya.

Abin da jiki ke buƙata a irin wannan iska shi ne motsi, iska ta riƙa bugun fata tana kwashe zufa. Wannan aikin fanka ne. Tunda kuma wuta ba ta da tabbas a yawancin unguwanni, mai caji ce ta dace. Sai dai ita ma sai an iya saye.

Ka manta da rubutun kwali mai cewa awa kaza. Ka sa mai shago ya nuna maka batirin. Yawancin masu inci 16 da 18 suna ɗauke da batir mai volt 12, ko dai 4.5Ah ko 7Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka. Ka ninka lambobin biyu: na farko ya ba ka 54, na biyu 84. Ka raba da wat ɗin da fankar ke ci. In tana cin 25 a lambar gudu ta ƙarshe, ƙaramin batir awa biyu zai yi, babban uku da ɗoriya. A lamba ta ɗaya, inda take cin kamar wat 8 zuwa 10, babban batir zai iya kai ka Asuba. Awannin da ke jikin kwali kusan kullum na lamba ta ɗaya ne, da sabon batir, ba a kunna fitilarta ba, ba a jona waya ba. Wanda ya mayar da fankarsa wurin cajin wayoyin 'yan ɗaki, kada ya yi mamaki ta mutu ƙarfe biyun dare.

Batir iri biyu ne. Mai dalma, baƙin nan mai nauyi, ya fi araha kuma ana samun canjinsa a ko'ina, daga Alaba har shagunan unguwa. Matsalarsa biyu: yana son caji mai tsawo, awa takwas zuwa sama, kuma yana ƙin a zuƙe shi tas a bar shi kwance. In aka yi ta haka, wani gishiri yana daskarewa a farantan cikinsa, sai ka ga fankar da ke awa shida ta koma minti arba'in. Wannan shi ke kashe yawancinsu, musamman in mutum ya tafi gida Sallah ya bar ta babu caji. Ka cika ta kafin tafiya, ka zare ta daga soket. Mai litiyam ya fi tsada, amma ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin cika, ya fi jure zuƙa. In unguwarku wutar awa uku ko huɗu ake ba ku, shi ne zaɓi, don mai dalma ba zai taɓa cika ba. Sannan ka duba ko murfin batirin da kusoshi yake. Wanda aka like, ranar da batir ya gaji sai an fasa.

Ragar gaba ta ƙarfe tana tsatsa da wuri, balle wajen Apapa, Obalende da Ajah inda iskar gishiri ke kaɗawa. Mai ragar roba ta fi, ko da ba ta da kyan gani. Ƙura kuma a nan ba ta kaɗuwa kamar ta Arewa, haɗuwa take da laima ta like a fukafukai, ta rage iska. Duk mako biyu a kwance raga a goge da tsumma mai ɗan sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.

In hadari ya taso da tsawa, a farkon damina da Oktoba musamman, ka cire ta daga wuta. Allon cajin da ke cikinta ƙarami ne, wuta ta dawo da ƙarfi sau ɗaya ya ƙone. Kuma tunda batirin a gindinta yake, wanda ke ɗakin ƙasa a unguwar da kwata ke cika ya ɗora ta kan benci kafin ya fita kasuwa. Ruwan Yuni ba ya sallama.

Masu zuwa da farantin sola suna da kyau daga Nuwamba zuwa Afrilu. A Yuni da Yuli gajimare na iya rufe gari kwana da kwanaki, ƙaramin faranti ba zai cika batir ba.

Mai hali kuwa, AC ce ke cire ruwan daga iska, shi ne wanda kake gani yana ɗiga ta bututu a waje. Maɓallin da ke da alamar ɗigon ruwa a jikin rimot na busar da ɗaki ne, yana aiki sosai a damina. Amma ƙaramin janareton nan na shago ba ya tayar da ita, kuma injinta da ke waje yana son wanki akai-akai saboda gishiri.

Wanda ya riga ya sayi kula, kada ya yar. Ya zubar da ruwan, ya kashe famfon, ya cire soson ya shanya, ya yi amfani da ita a matsayin fanka kawai. In mota za ta tafi gida kafin bazara, ya aika wa su Inna, can za ta yi aikinta.