Mai sarewa da mai goge: tsuntsaye biyu na dajin Kudancin Amurka

Wanda ya samu damar shiga daji ɗaya tak a Kudancin Amurka don sauraron tsuntsu, ga mawaƙa biyu a gabansa, sai ya zaɓi dajin ɗayansu.

Na farko shi ne uirapuru, kamar yadda mutanen Brazil ke kiransa. Yana zaune a dajin Amazon, ɗan mitsitsi ne mai ruwan ƙasa, kullum yana can ƙasa-ƙasa yana tonon ƙwari cikin busassun ganye. Ganinsa da wuya. Da maƙogwaro yake waƙarsa, sautin na hawa da sauka tamkar busar sarewa.

Na biyun, wani nau'in manakin mai jan goshi, yana dazukan hazo na tsaunukan Andes a Ekwado da Kolombiya, abincinsa kuma 'ya'yan itatuwa ne. Shi da fiffike yake kiɗa. Namijin kan sunkuya, ya ɗaga fikafikansa bisa gadon baya, ya riƙa karkaɗa su sau 107 a daƙiƙa guda. Wani gashi mai lanƙwasasshen baki yana gugar wani mai tsaga-tsaga, sai ka ji kamar an ja goge. Masana tsuntsaye Kimberly Bostwick da Richard Prum ne suka fayyace yadda abin ke faruwa a 2005. Daga baya aka gano ƙashin fiffikensa a cike yake, ba mai rami ba irin na yawancin tsuntsaye. Duk wahalar nan don mace ce, ita kuwa ita kaɗai za ta yi sheƙa ta yi reno.

Wajen daɗin sauti uirapuru ya yi wa mai goge nisa, don kiɗan manakin kusan murya ɗaya ce. Amma ni Ekwado zan nufa.