Gaban ƙugu ko kwankwaso: ina ƙaramar bindiga ta fi zama daidai ga mai tuƙa a-kori-kura?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mazaunin jihar Texas ta Amurka, ya ce yana da lasisin riƙe bindiga, yana tuƙa a-kori-kura ƙirar Ford F-150 tsakanin Houston da Dallas, tafiyar kusan awa 4. Ƙaramar bindigarsa ƙirar Glock 19 na cikin kube a kwankwasonsa na dama, kuma kafin ya ci rabin hanya bayansa ya fara ciwo. Tambayarsa ita ce: ya dawo da ita gaban ƙugu, ko ya ciro ta ya liƙa a jikin maganaɗisu ƙarƙashin sitiyari?

Malam, za mu fara da maganaɗisun don mu sallame shi. Kada ka yi. Maganaɗisu yana barin kunamar bindiga a buɗe, kuma ƙarfinsa na hana ta zamewa ne a kan gargada, ba na riƙe ta a lokacin karo ba. Glock 19 cike da harsashi ta kai kusan giram 850. Idan mota ta daki wani abu da gudu, nauyin nan tashi zai yi kamar an jefa guduma a cikin motar. Haka ta faru da jami'an FBI biyu a Miami ranar 11 ga Afrilun 1986: sun ciro bindigoginsu daga kube sun ajiye kusa da hannu, motoci suka yi karo, bindigogin suka ɓace musu daidai lokacin da aka fara harbi. Ajiye ta a kan kujera ko ƙarƙashin cinya duk hukuncinsu ɗaya.

Saura wurare biyu a jikinka. Masu harkar suna lissafa ƙugu kamar agogo, cibiya ita ce ƙarfe 12. Inda take yanzu a jikinka wajen ƙarfe 4 ne, gaban ƙugu kuma ƙarfe 1.

Ciwon da kake ji a ƙarfe 4 yana da dalili bayyananne. Kujerun a-kori-kura na zamani suna da tudu a gefe da gefe don riƙe jiki, kuma mariƙin bindigar a kan tudun nan yake sauka, sai ya karkatar da kai hagu kaɗan ba tare da ka lura ba. Awa ɗaya a karkace ba komai, awa huɗu kuwa gadon baya ne zai biya. Ga kuma makullin bel ɗin kujera: direba a Amurka yana zaune a hagu, makullin yana damansa, a kan bindigar. Kafin hannu ya kai gare ta sai ka sunkuya gaba, ka ɗaga riga, gwiwar hannunka kuma ta yi karo da akwatin da ke tsakanin kujeru, wanda a F-150 da Ram 1500 faɗi gare shi. Amfanin wannan wurin yana nan idan kana tsaye ko kana tafiya a ƙasa, kuma bakin bindigar ba ya kallon cinyarka. In ka fi son ka bar ta a nan, matso da ita ƙarfe 3, ka karkata kuben gaba kamar digiri 15, ka rage iskar ko tudun da ke tokare bayan kujerar. Zai yi sauƙi, amma makullin bel yana nan inda yake.

Gaban ƙugu shi muka fi zaɓa wa mai tuƙi, kuma a nan ne gyara yake da yawa. Babu abin da ke tsakanin bayanka da kujera, hannun dama ko na hagu duk suna iya kaiwa, bel ɗin kujera kuma ba ya rufe ta idan an ɗaura shi daidai. Ɗaurin shi ne: ɓangaren da ke ratsa cinya ya kwanta ƙasa a kan ƙasusuwan ƙugu, ya bi ta ƙasan mariƙin, sannan ka zaro rigarka ta sauka a kan bel ɗin. Idan bel ya hau kan bindiga, ranar haɗari shi zai danna ƙarfen cikin mararka.

Masu cewa gaban ƙugu yana sukar su yawanci abu uku ne ke damun su. Kuben ya yi ƙasa da yawa, bakinsa na tokare cinya. A ɗaga shi rami ɗaya a jikin maƙalin, kamar rabin inci. Ko kuma babu ɗan matashin soso a bayan kuben daga ƙasa, wanda shi ke tura bakin bindiga waje ya kwantar da mariƙin a jikin ciki. Na uku shi ne bel ɗin wando da aka matse don tsayuwa. A sassauta shi rami ɗaya kafin a zauna. Wani abin da mutane ba sa tsammani: kube mai ɗan tsayi ya fi gajere daɗi, domin gajeren yana kifewa gaba idan tumbi ya tura shi. Kujera ma a kwantar da bayanta kaɗan, a ɗaga ta yadda gwiwa ba za ta fi ƙugu tsayi ba. A-kori-kura ta fi ƙaramar mota sauƙi ta wannan fuskar, tunda zamanta kamar zaman kujerar ofis ne.

Haɗarin gaban ƙugu kuma ba a ɓoye yake ba. A zaune, bakin bindigar yana kallon babbar jijiyar jinin cinya. Don haka kuben ya zama na roba mai tauri irin Kydex, wanda aka ƙera don samfurin bindigarka, ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Kuben yadi ko tsohuwar fatar da ta yi laushi tana iya naɗewa ta shiga gidan kunama. Kuma ba a mayar da bindiga cikin kube a zaune. In dole ta kama a cire, a cire ta tare da kubenta gaba ɗaya, a mayar da su tare.

Mai babban tumbi wanda gaban ƙugu ya gagara, kuben da ake ɗaurawa a hagu wajen ƙarfe 10 ko 11, mariƙi na kallon dama, ya fi komai daɗi a doguwar tafiya. Matsalarsa ɓoyewa idan an sauka, kuma wajen zarowa bakin yana bi ta kan hannun hagu. Kuben hammata yana buƙatar riga ta sama, abin da zafin Texas ba zai bari ba mafi yawan shekara.

Idan za ka shiga inda aka hana bindiga, a ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli da aka ɗaure da jikin mota za ta zauna. Aljihun dashbod shi ɓarawo ke fara buɗewa.

Tun 1 ga Satumban 2021 Texas ta ba ɗan shekara 21 zuwa sama da doka ba ta haramta wa ba damar riƙe ƙaramar bindiga ko babu lasisi, amma lasisinka ba ya aiki a California ko New York, kuma a Michigan wajibi ne ka sanar da ɗan sanda nan take idan ya tsayar da kai. 'Yan'uwa masu bizar karatu ko ta ziyara su sani dokar tarayya ta hana su mallakar bindiga, in ban da 'yan keɓantattun yanayi; mai takardar zama ta dindindin ne aka yarje wa.

Ka ajiye lasisin tuƙi da takardar inshora nesa da ƙugunka, a bayan marufin rana na saman gilashi. Ɗan sanda ya harbe wani direba mai suna Philando Castile har lahira a Minnesota a Yulin 2016 bayan direban ya shaida masa yana ɗauke da bindiga, alhali yana da lasisinta. Idan an tsayar da kai, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar ciki in dare ne, hannuwa biyu a kan sitiyari, ka faɗi inda bindigar take, kuma kada ka motsa hannu sai ya ce ka motsa.