Wata Shida da Kwafi na 17: Sharhi a Kan Wani Littafin Ɗab'in Hannu

Na daɗe ina sayen littattafai domin abin da ke rubuce a cikinsu, ban taɓa damuwa da takarda ko ɗinki ba sai ranar da bango ya ɓalle. Wannan ne karo na farko da na sayi littafi saboda yadda aka yi shi, daga hannun wata mata mai sana'ar ɗab'in hannu, wadda ita ce ta zana hotunan, ta sassaƙa su, ta jera haruffan, ta buga, sannan ta ɗinke da kanta. Da gangan na jinkirta wannan sharhi har wata shida, domin irin wannan kaya ranar da ya iso kowa yabonsa yake yi, halinsa na ainihi kuwa sai an yi ta buɗewa ana rufewa yake fitowa.

Littafin ƙarami ne, shafi 24, ɗauke da gajerun waƙoƙi a kan tsuntsayen ruwa da hotuna takwas. A shafin ƙarshe, inda masu wannan sana'a suka saba bayyana irin takarda da haruffa da tawadar da suka yi aiki da su, an rubuta 17/40 da fensir, ga sa hannunta a gefe. Ma'anar wannan ita ce kwafi arba'in kacal aka buga, nawa shi ne na goma sha bakwai. Da farko na ɗauka dabarar kasuwa ce kawai, a ƙayyade adadi domin a tayar wa mai saye da kwaɗayi. Sai da na fahimci hanyar da ta bi wajen yin hotunan na gane cewa ko ita kanta ba ta da ikon ƙara kwafi ɗaya.

An sassaƙa hotunan ne a kan linoliyam, wato kayan shimfiɗar ƙasan ɗaki da Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, wanda masu zane suka karɓe shi daga baya saboda ya fi katako laushi kuma wuƙa tana bi ta ko'ina a cikinsa ba tare da tirjiya ba. Kowane hoto launi uku ne, amma allo ɗaya ta yi amfani da shi ga dukkan launukan. Takan fara sassaƙe wuraren da za su zauna fari, ta buga launi mafi haske a kan duk takardun, sannan ta koma kan allon nan ta ƙara ragargaje shi, ta buga launi na biyu a kan na farko, ta sake ragewa domin baƙi na ƙarshe. Kafin a gama, allon ya kusa ƙarewa, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa. Shahararren mai zane Picasso ne ya fito da sunan wannan hanya a ƙarshen shekarun 1950. Idan aka yi lissafi, hoto takwas sau launi uku sau kwafi arba'in ya kama bugu 960, ban da waɗanda suka lalace aka zubar, kuma a kowane bugu dole takarda ta sauka daidai inda ta sauka a baya, in ba haka ba idon tsuntsu ya koma kan kumatunsa.

Hoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa. Idan aka karkata shafin zuwa hasken taga, ana ganin baƙar tawadar ta ɗan tashi sama da shuɗin da ke ƙarƙashinta, tana da ɗan sheƙi, shuɗin kuma dishi-dishi. A cikin ruwan akwai ƙananan zane-zane birjik, waɗanda ba komai ba ne illa sawun wuƙar da ya rage a wuraren da aka share, tawada ta ɗan taɓa su. Mai son tsabta zai goge su. Ita ta bar su, kuma su ne suka sa ruwan yake kamar yana motsi. Na ga hoton nan a allon waya kafin in saya, duk wannan bai fito ba.

Rubutun an buga shi da haruffan dalma da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi tun zamanin Gutenberg, Bajamushen da ya fara irin wannan ɗab'i a Turai, a tsakiyar ƙarni na 15. Injinta tsohon Vandercook ne, ƙirar wani kamfani da aka kafa a Shikago a 1909. Asalin aikin waɗannan injuna shi ne fitar da bugun gwaji kafin a kai aiki babban inji, amma da maɗaba'u suka koma sabuwar fasaha sai suka zama kayan jibgewa, masu zane suka kwashe su. Takardar ta auduga ce, mai kauri da laushi, saboda haka haruffan sun ɗan nutse a cikinta, har ɗan yatsa yana jin layin waƙa kafin ido ya karanta shi. Sai dai a nan ne ƙorafina na farko yake. Ta zaɓi ƙananan haruffa, ta buga su da tawada ruwan toka domin kada su yi gogayya da hotunan, kuma sakamakon haka shi ne da dare ba na iya karanta su sai na matso da fitila. A ganina ta fifita kyan shafi a kan mai karatu, alhali waƙoƙin sun cancanci a gan su sosai.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. Ranar da na buɗe kunshin, da na zo hoto na biyar sai na ji shafin ya ɗan manne da na gabansa, da na raba su a hankali kuma na tarar da inuwar fiffiken agwagwa kwance a kan baitin farko na waƙar. Na rubuta mata, ta amsa washegari ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce laifinta ne: tawadar irin ta mai ce, ba ta bushewa sai ta sha iska, kuma launi na uku ya fi daɗewa domin yana zaune ne a kan tawada, takarda ba ta samun tsotse shi. Ta ba shi mako biyu a kan shanya, ashe bai isa ba. Ta ba ni zaɓi, ko in mayar a canza mini warƙar da ɗaya daga cikin 'yan rarar da ta ajiye, ko ta aiko da siraran takardun Japan da zan sa a tsakanin shafuka. Na zaɓi na biyu saboda tsoron abin da zai sami littafin a hanya. Tabon yana nan, kuma ba zan ce ya daina damuna ba.

A cikin wannan musayar wasiƙu ne na ɗan san yadda take rayuwa. Da rana tana koyar da zane, ɗab'i kuwa sai da yamma da ƙarshen mako, a wani ɗaki da injin ya cinye rabinsa. Littafin ya ɗauke ta wata goma sha huɗu. Ta ce mafi yawan lokacin ba a sassaƙa yake tafiya ba, wajen haɗa launi ne, da wanke abin shafa tawada, da mayar da kowane harafi gurbinsa bayan an gama shafi, domin haruffanta ba su isa ta jera shafuka da yawa a lokaci guda ba. Wannan haɗa zane da rubutu da bugu a hannun mutum ɗaya yana da tsohon tarihi, mawaƙi kuma mai zane William Blake ya yi hakan a Landan tun ƙarshen shekarun 1780, yana cin farantan jan ƙarfe da ruwan asid, shi da matarsa suna shafa launi da hannu. Abin da na lura da shi kawai shi ne, idan mutum ɗaya ne ke yin komai, babu wanda zai tsaya a kansa ya ce haruffan nan sun yi ƙanƙanta, ko a ƙara wa tawadar nan mako guda.

Ɗinkin irin na Kibɗawan Masar ne, wanda ake barin bayan littafi a buɗe, zaren lilin da aka shafa wa kakin zuma yana sarƙe da juna kamar kitso. Amfaninsa shi ne littafin yana kwanciya shimfiɗe a kan tebur, hoton da ya ratsa shafi biyu ba ya ɓacewa a tsakiya. Bayan wata shida zaren bai tsinke ba, amma ya ɗan saki, bangon yana ɗan rawa idan aka ɗaga shi da hannu ɗaya. Na ji cewa halin wannan ɗinki ke nan, saboda haka ban ɗora mata laifi ba. Akwatin kwalin da ya zo a ciki ne ya yi matsi ƙwarai, har gefen bango ya fara goguwa, na daina saka shi ciki.

Wanda yake neman waƙoƙin kawai, bugun talakawa zai fi yi masa amfani, ya fi sauƙin karantawa kuma ba a fargabar ɗaukarsa. Wanda kuma yake son hoton ratayewa a bango, gara ya nemi bugu guda daga wurinta. Wannan littafi na mutumin da zai wanke hannu, ya share tebur, ya zauna kusa da taga ne. Na ajiye nawa a kwance, nesa da rana da danshi, ina buɗe shi kusan kowane mako. Ta sanar da ni cewa ta fara sassaƙa na gaba, a kan katako wannan karon, kuma na sa sunana a jerin masu jira, tare da roƙon ta ƙara girman haruffan, kada kuma ta yi saurin aiko mini da shi.