Kafin ka sayi bakin injin sassaƙa, ga abin da za ka duba

Yanzu kafintocin da ke yin kan gado ko ƙofa mai zane a Kaduna sun fara sha'awar sassaƙa da inji, kuma gaskiya abun na da sauri, aikin da gizago zai ci maka yini inji zai yi shi kafin azahar. Matsalar dai ita ce mutane suna zuba kuɗi a kan injin, su kuma bakunan da ake ɗaura masa sai su kwashi duk wanda mai shago ya miƙo, alhali bakin ne ke cin itacen, shi inji juyawa kawai yake.

Fara da duba wane inji gare ka, don shi zai faɗa maka kaurin ƙafar bakin da za ka saya, wato sandar da ke shiga cikin injin. Ƙananan injinan hannu irin Dremel ƙafarsu milimita 3.2 ce, akwai kuma ta 2.35 ta aikin ƙawa, suna juyi har 35,000 a minti. Babban yayansu da ake kira dai-giranda yana ɗaukar ƙafa mai milimita 6 ko kwatan inci, kuma nan ne ake yawan yin asara, saboda kwatan inci 6.35 ne ba 6 ba, a ido kamar ɗaya suke amma in ka sa mai 6 a mariƙin kwatan inci, wato abin da ke matse ƙafar a jikin injin, ba zai kamu da kyau ba, yana cikin aiki sai ya fara zamewa waje. In za ka shiga Panteka ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka tafi da injin a jaka ko ka kwance mariƙin ka sa a aljihu, a gwada a gabanka. Diril kuwa a bar shi da huda rami, juyinsa bai kai ba kuma ba a yi shi don a riƙa danna shi ta gefe ba. Sannan in injin ɗan gwanjo ne daga Amurka ka karanta jikinsa tukuna, nasu wutar 120 ce tamu 230, kana jonawa ya ƙone.

To bakunan. Mafi araha su ne na ƙarfe zalla da ake rubuta HSS a kwalinsu, galibi saiti ne guda da yawa a ɗan akwati. Suna da kaifi ranar farko, a kan malaina ko farin katako mai laushi suna yanka tsaf, amma ka ɗora su kan ƙirya ko marke ka ga ikon Allah, nan da nan bakin zai yi zafi ya koma shuɗi-shuɗi, itacen ya fara baƙi yana warin ƙuna, shikenan ya dakushe. Ga mai koyo da ke wasa hannu a kan guntayen katako ba laifi. Wanda zai ci abinci da sana'ar kuwa ni ban ba shi shawara ba.

Sai na kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, masu tsaga-tsaga a jiki, irin wanda masu walda da makanikai ke gyara ƙarfe da shi. Waɗannan suna jimrewa sosai kuma suna barin wuri sumul, sun dace da itace mai tauri da fitar da layin zane. Akwai mai tsaga ɗaya akwai mai tsaga biyu da suka gitta juna, mai biyun ya fi biyayya a hannu, mai ɗayan kuwa yana da fizga, in ya kama jijiyar itace sai ya ruga da hannunka ya ɓata maka fure. Kuma kabaid duk taurinsa yana da gautsi, ya faɗo kan siminti haƙoransa na iya ɓarewa.

Wanda ni na fi so, kuma in kuɗinka na guda ɗaya ne shi zan ce ka saya, shi ne mai ƙayoyin kabaid, jikinsa cike da ƙananan tsinaye kamar bushiya. Kutzall da Saburrtooth na Amurka su suka yi suna a kansa, galibi sai an yi oda, akwai kuma 'yan Chana masu kama da su da ƙayoyin ke zubewa da wuri. Shi wannan kankarar itacen yake yi a hankali a hankali, shi ya sa ba ya fizga, kana iya bin jijiya ko ka gitta ta duk ɗaya ne a wurinsa, mai koyo ma zai iya sarrafa shi. Ana yinsa mai kaushi sosai, mai kaushi, da mai laushi, Saburrtooth har kala suke sa musu, ruwan lemo, kore, rawaya a jere haka. Aibinsa biyu, yana barin zane-zane da sai ka bi da samfefa, sannan yana toshewa in itacen ɗanye ne ko mai ƙaro irin maje. In ya toshe kar ka sa ƙusa kana ƙwaƙula, burushin tagulla ake sa masa.

Na daimon kuma, waɗanda ke ƙyalli a leda suna jan ido, asalinsu na gilashi ne da dutse. A itace sai dai ƙarshen aiki, goge cikin lungu ko gyara ɗan siririn layi a katako mai tauri. Ka ce za ka rarake akushi da shi, wallahi sai dai ka kwana.

Siffa ma kar ka ruɗe da yawanta. Mai ƙwallo na rarake rami, mai kama da harshen wuta na shiga lungu da fitar da ganye, mai tsaye kamar gwangwani na daidaita gefe. Ukun nan masu kyau sun fi saitin guda ashirin da rabinsu ba za ka taɓa ɗaurawa ba.

Yanzu faifan da ake ɗaura wa giranda don manyan ayyuka, turmi, kujera, babban akushi. Akwai mai ƙayoyin kabaid, akwai na kamfanin Arbortech na Ostareliya mai 'yan haƙora, duk ana aiki da su lafiya in an riƙe da hannu biyu. Amma akwai ɗaya da nake roƙon 'yan'uwa don Allah ku bar shi a shago, mai sarƙar injin yanke bishiya zagaye da shi. Giranda mai faifan milimita 115 tana juyi wajen 11,000 a minti, ba ta da birkin da injin yanke bishiya ke da shi, haƙori ɗaya ya maƙale a ƙulli ko ƙusa sai ta yi tsalle ta dawo kan mai riƙe da ita kafin ya ƙifta ido. A 2021 hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Birtaniya ta fitar da gargaɗi cewa a daina amfani da irin wannan faifai gaba ɗaya saboda munanan raunukan da ya jawo. Mai shago zai ce maka "oga wannan ai shi ke ci kamar me", gaskiya ya faɗa, yana ci, amma bai san bambancin itace da yatsa ba.

A wurin saye akwai ɗan gwaji mai sauƙi. Ka ɗora ƙafar bakin a kan gilashin kanta ka mirgina da yatsa, in kansa yana ɗagawa yana sauka to a lanƙwashe yake, mayar masa. Ka duba wurin da aka haɗa kan da ƙafar ko akwai tsaga. Ka karanta lambar RPM da ke kwalin, wato yawan juyi a minti, lallai ta kai ta injinka ko ta wuce, kuma duk girman baki duk ƙarancin gudun da yake so. Wanda ba a rubuta masa komai ba ni ba na ɗauka. Wajen ɗaurawa ka tura ƙafar ciki sosai sannan ka ɗan jawo kaɗan ka ɗaure, masu barin rabinta a waje don su kai cikin rami su ne take lanƙwashe musu tana cikin gudu.

Ka cire soket kafin ka canza baki, kuma in NEPA suka ɗauke kana tsakiyar aiki ka kashe makunnin nan take, da yawa daga girandojin da ke hannunmu makunninsu maƙalewa yake, wuta na dawowa za ta tashi da kanta a kan benci ko a ƙasa kusa da ƙafar yaron shago. Kar a cire mata garkuwa ko mariƙin gefe. Itacen a ɗaure shi da kilam, ba a take shi da ƙafa ko a matse a cinya ba yadda muka saba da gizago. Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, carbi a wuya, duk a ajiye su gefe, safar hannu ta zare ma baki na iya naɗe ta ya ja yatsu ciki.

Ƙura ita aka fi rainawa. Bakin ƙaya gari yake fitarwa mai laushi da ke tsayawa a iska, tun 1995 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa, musamman ta hanci, iroko kuma an san shi da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Hankici a hanci ba ya tare ta, a nemi takunkumi mai lambar N95 ko FFP2, da tabarau mai rufe gefe, in faifai ne a ƙara da garkuwar fuska, kuma kuɗinsu a lissafa shi tun daga gida cikin kuɗin bakin, har da na yaran da ke tsaye kusa suna koyo.